Minti Arba'in da Biyar

Sha ɗaya da rabi ƙararrawa ke kaɗawa,
ni kuma in buɗe littafi, in ɗaure biro da zare
kada ya bi wani zuwa mota.
Shekara goma sha tara ina kan wannan tebur
a sakandaren garinmu, can ƙuryar Nebraska,
inda hayaƙin masana'antar sukari ke faɗin lokaci
tun agogo bai buɗe baki ba.

'Yan ajin ƙarshe kaɗai ke da izini.
Suna, lokacin fita, dalili.
Ƙanana na leƙe ta taga
kamar 'yan tsakin da aka kife da kwando.

Kowa "abinci" yake rubutawa.
An ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya,
ni dai na ga wadda ta yi.

Thaddeus kan dawo da maiƙo a haɓa, shi bai yi ƙarya ba.
Odalys ba ta wuce wurin ajiye motoci:
ta kwantar da kujera, ta lulluɓe fuska da rigar sanyi,
don sai ɗayan dare take baro wanke-wanken gidan abinci.
Tagwayen gidan Pruitt kuwa
tsere kawai suke a bayan rumbunan masara,
su dawo kunnuwa jajur, suna dariya ba dalili.

Sai Anselmo.
Farkon fita, ƙarshen dawowa,
kullum saura minti ɗaya, yana haki,
ba warin albasa, ba kofi a hannu.
Na zarge shi da taba. Na zarge shi da budurwa.
Har ranar da dusar ƙanƙara ta sauka,
motarsa ta ƙi tashi,
ya tsaya gabana hannu na rawa:
"Kakana ba ya gani sosai.
Ni ke yi masa allurar ciwon sukari kafin ya ci."
Na tura masa makullin motata, ban ce uffan ba.
Ranar ya makara da minti shida.
Na dubi agogo,
na rubuta abin da agogo bai faɗa ba.

A watan Maris aka kira taro.
Mai kantin kan kwana ya zo da buhun kofunan da ya tsince.
Wata uwa ta miƙe, murya na karyewa,
ta ce ɗanta, shekara uku ke nan,
a mahaɗar titin jirgin ƙasa...
Ba ta ƙarasa ba. Ba wanda ya ce ta ƙarasa.
Shafin ranar na nan a aljihun teburina:
lokacin fita da rubutun hannunsa,
gurbin dawowa fari fat.

Aka juyo kaina, tunda ni ke riƙe da littafi.
Na ce, wata uku ya rage
mu sallame su gaba ɗaya, ba biro, ba ƙararrawa.
Wanda ba a taɓa sakar wa igiya taku goma ba,
ran da ta tsinke, ina zai san hanyar gida?
Na ce kuma, ni ma tsoro nake.
Duk sha biyu da kwata kawuna nake ƙirgawa,
sai sun cika nake haɗiye yawu.

Ƙuri'a huɗu da uku.
Ƙofa ta zauna a buɗe, zuwa baɗi a sake dubawa.
Uwar nan ta wuce ta gabana ba ta dube ni ba,
ban kuwa ga laifinta ba.

Washegari da suka watse
na dubi burodina cikin leda,
shekara goma sha tara a nan nake cinsa.
Na jawo littafi.
Suna: Ingrid Halvorsen.
Dalili: abinci.

Ashe da tsakar rana
tsuntsaye kan jeru a wayar lantarkin gaban makaranta,
ashe iska na da wani ƙanshi kafin a tashi aiki.
Wata tsohuwar mota ta rage gudu kusa da ni,
Anselmo ya sauke gilashi:
"Kar fa ki makara."