Saƙon Tiiu Daga Tsibiri

Ƙarfe huɗu na yamma a Tartu, duhu ya riga ya sauka.
Dusar ƙanƙara tana lasar gilashin taga,
gahawata ta huce tun ɗazu,
rahotanni goma sha bakwai sun yi layi suna jirana.

Na farko ya ce: "Ba ya aiki."
Shi ke nan. Ko suna babu.
Me ne ne ba ya aiki, bawan Allah?
A wace waya? Da wane ƙarfe? Me ka taɓa?
Ka zo wurin likita, ka ce "ciwo",
ka juya ka tafi da bakinka.

Na biyu ya zage mu tas, layi tara,
ya haɗa da iyayen da suka haifi manhajar,
amma inda ta tsaya masa bai faɗa ba.
Na uku ya ɗauko hoton allo,
babban yatsansa ya rufe rabin saƙon.
Mati a teburin gefe ya yi tsaki,
ya ce gara a ba shi allura ya nema a Emajõgi.

Sai na goma sha ɗaya.
Tiiu Rebane, mai sayar da tikitin jirgin fito a Hiiumaa,
shekara sittin da uku, ta ce, idona sai da tabarau.

Ta rubuta:
"Na buɗe shafin tikiti a kwamfutar ofis, ba a waya ba.
Na zaɓi mota ɗaya, mutum biyu.
Na ƙara kare.
Daga nan na mayar da lokaci zuwa jirgin ƙarshe na dare.
Na sa ran ganin kuɗin da za a biya.
Abin da na gani: allo fari fat.
Na sake sau huɗu, sau huɗu ya yi fari.
Na cire karen, komai ya tafi daidai.
Na bar karen, na ɗauki jirgin safe, nan ma lafiya.
Ranar Talata bai yi haka ba, Laraba ya fara.
Ban san dalili ba, ba zan ƙirƙira muku ba.
Ga hoto. Karen sunansa Muri, in da amfani."

Na karanta, na sake karantawa,
kamar wanda ya ɓace a daji ya ga sawun mutum.
Na taka inda ta taka:
mota, mutum biyu, kare, jirgin dare.
Allona ya yi fari.
Ban taɓa murnar ganin ɓarna irin ta yau ba.

Laraba. Na koma na duba abin da muka sauya Laraba.
Ga shi kwance, layi ɗaya,
ni na rubuta shi, da hannun nan,
na manta dabba ma tana tsallaka sha biyun dare.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo,
amma sai ya nuna da yatsa
kafin mai gyara ya hau rufi.

Minti ashirin na gama.
Na rubuta mata: an gyara, a gai da Muri.
Saura shida a layi.
Na buɗe na gaba.
Ya ce: "Har yanzu ba ya aiki."