Kayen Bashi

Ni ban taɓa aikin gwamnati ba.
Shago gare ni a Bagalam, taku huɗu da rabi:
sukari, sabulu, ashana, man gyaɗa a kwalba,
da kaye guda mai jan bango
wanda ɓera ya ci wa kusurwa.
A cikinsa nake karanta lafiyar ƙasa.

Shafi na bakwai, Mushe Harisu:
shinkafa tiya biyu, madarar jinjiri, batir.
Ya ce, "Rubuta, Nomau, wata ya kusa."
Wata ya mutu, wani ya tsaya, shi ma ya tsufa,
albashi yana Yamai yana jan ƙafa.
Yanzu in za shi lakwal
ta bayan masallaci yake bi,
ni kuma in na hango shi sai in duƙa ina gyaran buhu,
kada ido ya haɗu kunya ta kashe mu biyu.

Na ɗauka bashin nasa ne shi kaɗai.
Ashe Kane tela ma shi yake jira,
kuɗin ɗinkin riga uku.
Barira mai ƙosai tana jiran Kane,
mai injin niƙa yana jiran Barira,
yaron mai inji yana jiran kuɗin mota
ya je Tibiri ya dubo tsohuwarsa.
Sahu guda, kowa riƙe da gefen rigar wani,
na gaban duka yana ofis, bai san da mu ba.

Bara, da aka fara ginin lambatu
daga bakin kasuwa zuwa gangaren gulbi,
samari arba'in aka ɗauka.
Na ga Shitu, mai wuni kan benci,
ya dawo da siminti har gira,
ya dire jikka biyar gabana, ya ce, "Kashe sunana."
Ban taɓa jin daɗin jan layi irin na ranar ba.
Mai shayi ya ƙara benci.
Cima ta aza tukunya ta biyu.
Takardar nan ta jikka biyar, mai tabon manja a kunne,
sau uku tana dawo mini kafin Juma'a
kamar tantabarar gida.

Sai kuɗin aiki ya ƙare a tsakiyar rami.
Damina ta tarar da shi baki buɗe, ta cika shi,
sauro ya yi aure a ciki, ya yi suna.
Shitu ya sayar da shebur, ya bi hanyar Agadas.
Autata ta kwana uku jiki kamar garwashi;
a likita majo ya buɗe kabad, kwalaye wofi,
ya rubuto mini takarda ba tare da ya ɗaga kai ba.
Kuɗin buhun sukari ya tafi a nan.
Wannan bashin, a shafin wa zan rubuta shi?

Ran Litinin ɗan meri ya zo karɓar fatanti.
Na biya, ban yi gardama ba,
mai son ruwan rijiya ba ya gudun yasa.
Amma na ce masa, "Ɗan'uwa, gaya wa masu lissafi,
kuɗin da suka aiko wa malami
ba a aljihun malami yake kwana ba.
Kafin hantsi ya zama ƙosai,
ya zama zare, ya zama gari,
ya zama kuɗin motar Tibiri."

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba,
ya ce shi ma wata biyu ke nan.
Ya leƙa kayen, ya waiga, ya rage murya:
"Akwai sauran wuri?"

Na lashi yatsa, na buɗe sabon shafi.
Bik ya ƙi rubutu.
Na hura masa numfashi, na goga a tafin hannu,
na ce, "To, faɗi sunanka."