Shinkafa daga Sama

Ɗaki na bakwai, gidan kula da tsofaffi a Louth.
Ƙarfe shida, ruwa na dukan taga, gari bai waye ba.
Na kawo wa Winifred shayi da ƙwayoyinta uku.
Ta ce, goge mini hoton nan tukuna.

Saurayi ne, hula a karkace,
kunnuwa fato-fato, gashin baki bai gama tsirowa ba.
Rowland, in ji ta. Yayana.
Shekara ashirin da biyu, har gobe ashirin da biyu.
Ni na yi masa tsufan.

Bai taɓa sakin bam ba, ta ce,
murya ƙasa-ƙasa, kamar mai tona asirin gida.
Buhuna yake kaiwa. Shinkafa, gishiri, kwinin.
Can Bama, ga wasu sojoji da kurmi ya haɗiye.
Ranar ya kai sawu biyu lafiya,
a na uku hadari ya rufe dutse.
Ba gawa, ba kabari.
Takarda ce ta zo, layi huɗu,
uwarmu ta ninke ta, ta ci gaba da feraye dankali.

Kofi ya yi rawa a hannuna.

Kakana Mantau, kofur, mutumin Kazaure,
mai tabon tsutsar ruwa a ƙwauri,
yakan zauna gindin ɗurumi bayan la'asar
ya ce: kwana biyar muna tauna ganye,
bindiga ta fi mutum nauyi,
sai muka shimfiɗa farin ƙyalle, muka tada hayaƙi.
Can sai gurnani.
Jirgi ya sauko har kana ganin mutum a ƙofarsa,
lemomi suna buɗewa kamar furen kabewa,
wasu buhunan ba lema, tim, su fashe,
mu bi ƙasa muna tsince da yatsu.
Ya rantse har goro aka taɓa jefo musu.
Mu yara mu ƙyafta wa juna ido:
shinkafa daga sama? Tsoho ya fara ruɗewa.

Yakan ce, ban san sunan yaron ba.
Hannu kawai ya ɗaga mana, jirgi ya karkata.
In kun ci tuwo ku tuna,
wani ya bar uwarsa ya kawo mini abinci.

Ba zan ce Rowland ne ba.
Jiragen da yawa, kurmin da faɗi,
kwanan wata ya bi Mantau kabari.
Amma wani yaro ne mai kunnuwa irin waɗannan,
kuma daga cikin buhun nan ubana ya fito,
daga shi sai ni,
da takardar aiki, da rigar sanyi, da motar haya ta farko
wadda ke sauke ni bakin cocin nan mai dogon tsini.

Mutanenmu sun ce alheri danƙo ne,
ba ya faɗuwa ƙasa banza.
Wannan kam ya faɗi ƙasa, da ƙarfi ma,
ya yi shekara tamanin yana birgima
kafin ya tsaya a ɗaki na bakwai.

Na faɗa mata. Ban sani ba ko ta ji duka,
na'urar kunnenta na kan tebur.
Ta dai kama hannuna ta ce,
ashe ya isa?
Na ce ya isa. An ci. An ƙoshi.
Ta rufe ido, ta daɗe.

Da rana aka kawo shinkafa da madara.
Hannunta ba ya riƙe cokali yanzu.
Na gyara mata filo, na juyo da hoton ya fuskance mu,
na hura, na ce bismillahi a zuci,
na kai mata baki.
Ta ci uku, ta ce ya yi zaƙi da yawa.
Na goge mata haɓa.
Ƙararrawar ɗaki na tara tana ta kira.