Eriya a Kan Bene

Shekara talatin ina gyaran rediyo
a rumfa mai kwano biyu, bakin Ƙofar Ƙaura.
Dalma ta ci yatsana, hayaƙinta ya ci idona.
Sai ga Sada ya dawo daga Landan
da tari, da jaka ɗaya, da kwali cike da kaset.

Ya ce, Kawu, saurara.
Na ce, wannan faɗa ake yi ko waƙa?
Ya ce, duka biyun.

Ya zauna kan bencin nan mai ɗingishi.
Ya ce tushen abin 'ya'yan baƙi ne,
waɗanda jirgin ruwa ya kawo iyayensu daga Jamaika.
Sukan jera lasifika
kamar buhunan gero a kasuwar Charanci,
har ƙirjin mutum ya kama rawa ba da izininsa ba.

Da salon Amurka ya ƙetaro teku
sai suka ari harshen mutane,
suna lanƙwasa baki, ɗan Landan na kukan wata uwa.
An daɗe kafin su gane
zanen aro ba ya rufe katara.

Gidajen rediyo suka rufe musu ƙofa.
Sai yara suka hau benaye masu hawa ashirin
cikin dare, cikin sanyi, waya a haƙori,
suka ɗaure eriya inda hukuma ba ta gani.
A ƙwace yau, gobe wata ta tsiro.

Nan na ajiye ƙarfen dalma.
Na ce, maimaita wannan wurin.

Wani salon, in ji shi, sunansa gareji.
Na ce, ashe makanikai ne, 'yan'uwa.
Wani kuma giraim, wai ma'anarsa dauɗa,
kiɗa mai sanyin ƙarfe, mai gudun kalangun mahauta,
ana miƙa makirufo hannu zuwa hannu
a ɗakin da bai kai rumfata ba,
wanda numfashinsa ya tsinke ya ba da wuri.
Na ce, Sada, ai 'yan gambara ne,
ganga ce kawai ba su rataya ba.

Da ya zo kan diril, na masu rufe fuska,
sai ya tsaya.
Ya dubi kwalta, ya ce akwai yaron da ya sani.
Ban tambaya ba.

Mannir, yarona na shago, duk yana ji.
Kwana uku ya wuni yana tauna Turanci
kamar mai cin danƙo da ciwon haƙori.
Na ce, kai, labarin ya wuce ta bayan kunnenka.
Su da suka yar da na aro
shi ne kai za ka tsinta?

Ya yi fushi. Ya yi shiru har Laraba.
Ran Alhamis ina cikin wata tsohuwar rediyo
na ji shi yana buga gwangwanin madara,
yana jero kuɗin mai, da wutar da ba ta zuwa,
da bashin mai shayi, cikin Katsinanci tsantsa,
har da hwa, har da hwaɗi.

Daren nan na haɗa masa 'yar na'ura
da tarkacen rediyo huɗu da sandar gora.
Ba ta da nisa.
Iyakarta teburin Ilu mai shayi,
wanda ya ji sunansa a iska
ya taso da ludayi a hannu.