Kududdufin Bayan Firamare

Ranar da mai awo ya zo daga Dutse
da tef da jan fenti a gwangwani,
ya yanka gabashin garinmu filoti-filoti:
nan titi, nan kwalbati,
nan masallaci, can rumfunan kasuwa.
Da ya iso kududdufin bayan firamare
sai ya toshe hanci,
ya bar wurin fari fat a takarda.
Ya ce, rami ba ya awo.

Iya Tabawa na tsaye da tulu.
Ta ce, abin da alƙalami ya tsallake
fartanya ta gan shi.

Rani biyu muna ciko.
Amalanken Ɗan'azumi na kawo toka da kashin shanu,
yara na tsince leda da tsinke.
Wani ya tono takalmi wari guda,
wani ya tono kwanon da matarsa
ta shekara tana zargin maƙwabta.

Ni aka ba littafi, don na taɓa koyarwa.
Gida ashirin da bakwai, kwami arba'in da uku,
rijiya ɗaya,
guga biyu, ɗayan ma yoyo yake.

Ƙuri'a ba ta san tarihi ba:
ta haɗa Barau da Jatau iyaka,
waɗanda tun rabon gado ba su gaisa ba.
Ruwa kuwa sai ya ratsa albasar Barau
kafin ya kai attaruhun Jatau.
"Buɗe."
"Toshe."
Shekara tara, maganarsu ta farko ke nan.
A sati na uku na ji "sannu",
can ƙasa-ƙasa, kamar an ce da ruwan.
Ban rubuta ba. Littafin ba shi da gurbinta.

Akuyar Kande ta haura zana ranar Talata,
ta aske salak ɗin Lantana ƙwal.
Na karanto doka ta biyar.
Kande ta ce akuyarta ba ta yi boko ba.
Ƙarshe dai ta saƙa zana biyu,
tana saƙa tana mita,
har yau su ne ba su faɗi ba.

Zo da la'asar ka gani.
Yakuwa ta yi ja, lalo ya kwanta luf,
kuɓewa na nuna sama da yatsa.
Malam Datti, da idonsa ya tafi,
yakan murza ganye a hannu ya shinshina,
ya ce, wannan ramar gidan Cindo ce, ƙishi take ji.
Bai taɓa kuskure ba.
Sauro ya ragu. Miya ta yi kauri.
Ɗan aike ya daina zuwa Jahun neman tumatir.

Bana wata mota mai baƙin gilashi ta tsaya.
Mai ita bai fito ba, gilashin ya sauke rabi.
Shago goma sha biyu, in ji shi,
tunda rami ya cike, ai ya zama fili.

Mai awo ya dawo, furfura ta kama gemunsa.
Ya shimfiɗa takardar a kan murfin rijiya,
ga farin wurin nan, yana nan yadda ya bar shi.
Iska na ɗaga gefen takardar.
Iya Tabawa, da yanzu sai da sanda,
ta tsinko tumatir ta danne masa.
Ya nuna da yawa. Ya fashe.

Ba a yanke magana ba tukuna.
Takarda ta koma Dutse
da jan tabo da 'ya'yan tumatir uku
daidai inda babu komai.

Gobe da asuba ruwan Jatau ne.
A gaya wa Barau ya buɗe.