Daftarin Eulogia

A Achao ruwan sama ba ya sallama,
sai dai ka ji shi bisa kwano,
ka tashi ka ɗora shayi, ka kunna kwamfuta.
Ni ke kula da shafin jiragen fito na tsibirin nan,
ni da wata manhaja mai ba kowane abu ɗakinsa:
lokutan tashi a nan, kuɗin haye da mota a can,
ga hoton Don Baldomero yana ɗaure igiya,
ta yanke masa rabin hula.

Ban iya yaren inji ba.
Akwati take buɗe mini in zuba magana,
in danna shuɗin maɓalli, mutanen Quenac su gani a waya.
Eulogia ce ta koya mini,
tana nuna allo da yatsa mai ƙanshin albasa:
"In ta ce a sabunta ta, ajiye kwafi tukuna.
In ka ɓata shafi, kada ka yi zufa,
na jiya yana nan a ƙasa, janyo shi.
Da tsohuwar zuma ake magani."

Wata huɗu ke nan da muka raka ta bayan cocin katako.

Jiya shugaban ƙungiya ya leƙo, rigarsa na ɗiga,
ya ce sunanta na cikin masu izini har yanzu,
in cire.
Na danna.
Sai manhajar ta tsaya, kamar mai rabon gado,
ta ce: rubutunta ɗari uku da sha ɗaya,
wa za a ba?

Na shiga dubawa.
Sanarwar hazo. Ƙarin kuɗin mai.
Cigiyar jar akuya da aka manta a jirgin Laraba.
Wurin da na rubuta sha biyar, ta bi dare ta mayar hamsin,
ba ta taɓa faɗa mini ba.
Can ƙarshe, daftari guda da bai ga rana ba:
"Jirgin ƙarfe bakwai ba zai tashi gobe ba, saboda"

Shi ke nan. Ko aya babu.

Iska ce? Injin ne ya ƙi?
Ko tari ne ya tashe ta daga kujera?
Ɗan sandan rubutu yana ta ƙyaftawa a gaban kalmar,
yana jira, ya fi ni haƙuri.

Na fasa.
Na canza mata kalmar sirri, na bar sunan a jeri.
Na sa lokutan Asabar,
na gyara hular Don Baldomero,
sai ga shi yanzu ba ƙafa.