Jan Akwati

Ƙarfe biyar na asuba a Filadelfiya,
jirgin ƙasa na ruri a kan gadar ƙarfe bisa kaina.
Titin Kensington bai farka ba, bai kuma runtsa ba.
Ga tsintsiyata, ga awartaki,
ga jan akwatin da hukumar birni ta ba ni.
Aikina tsintar allura.
Jiya ɗari biyu da sha ɗaya,
daga kwanar shagon wanki na bar ƙirgawa.

Ga su nan tsaitsaye a lanƙwashe,
goshi na neman gwiwa,
ruku'in da ba a ɗagowa.
Na san sunan wasunsu.
Marisol kan ce mini Baba Tanimu.
Shekara biyu ta yi tana koyon jinya,
yau gyambon ƙafarta ya fi ƙarfin bandeji.
Uwarta Ivelisse kan zo ran Lahadi
da shinkafa da wake a roba,
tana ɗaga bargo bayan bargo
har ta dace da fuskar da ta haifa.

Ran Talata wani saurayi ya tare ni,
Preston, da takarda da biro da murmushi.
Ya ce, sa hannu, a halatta ta,
a sayar a kanti da awo da haraji,
dillalan lungu su rasa kasuwa.
Yaron ba mugu ba ne, na ga tausayi a idonsa.
Na jingine tsintsiya.

Na ce, ɗana, ƙwayar farko da ta kama Marisol
ba a lungu ta saye ta ba.
Likita ya rubuta, da hatimi da sa hannu,
kwalba mai ɗauke da sunanta,
don ciwon baya kawai.
Halas ce ta buɗe ƙofa, haram ta shigo da kayanta.
Kububuwa ko ta yanki lasisi
dafinta bai san takarda ba.

Ya ce, to ina amfanin tsofaffin yarjejeniyoyin nan
da ƙasashe suka ƙulla tun ba a haife ni ba?
Na ce, ka taɓa noman fadama?
Gona goma, shinge ɗaya.
Ran da mutum guda ya zare ƙayar gefensa
don shi yana da kare da mai gadi,
akuya ba ta tambayar iyaka,
albasar kowa za ta ci.
Ku kuna da motar asibiti mai jiniya,
da maganin da ake fesawa a hanci matacce ya tashi,
amma duba akwatina.
To ina ga Funtuwa?
Can Sagiru ɗan ƙanwata yake,
ya sayar da keken ɗinkin uwarsa saboda kwalba,
ba jiniya, ba gado, sai kukan tsakar dare.
Abin da kuka kwance a nan
teku ba ta hana shi isa can.

Ban ce a jefa Marisol kurkuku ba.
Gado take so, da likita mai haƙuri,
da wanda zai jira ta in ta faɗi sau bakwai.
Mai ciwon ajali a ba shi abin da zai sassauta masa,
alkawarin ƙasashe bai hana wannan ba.
Fataucin ne ya ce a tare,
daga gonar, zuwa jirgin, zuwa bankin da ke wanke kuɗin.
Igiya ce ta tsufa, na yarda,
amma mai guga a rijiya
ƙara mata tufka yake, ba ya sa wuƙa.

Bai ce komai ba. Ban sa hannu ba.
Iska ta kaɗa takardarsa, ya sunkuya ɗauka,
sai na riƙe masa hannu:
allura ce a ƙarƙashi, bakinta sama.
Na ɗauke ta da awartaki.
Shi ya buɗe mini murfin akwatin.

Can gindin ginshiƙi Marisol na kwance.
Na tsaya har na ga bargon ya motsa,
sannan na ci gaba da shara.